Yadda ake sanyaya haƙorin injin tur da ruwan azot, mataki-mataki

Tun ranar da wasu abokan sana'a suka shigo shagona suka tarar da farin tururi yana tashi daga kan injin tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, kamar an buɗe madambaci, ban sake samun sakat ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya bugo waya bayan isha'i, wani kuma ya aiko yaronsa ya leƙo ya kai masa rahoto. Tambayoyin ba sa wuce huɗu: mene ne wannan, ina ake samunsa, nawa yake ci, kuma ba ya kisa? Ga amsar gaba ɗaya, bi da bi, yadda nake yi da hannuna.

Sunansa ruwan azot, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce naitirojin. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 azot ce. In aka sanyaya ta har digiri 196 ƙasa da sifiri sai ta koma ruwa garai-garai kamar na famfo. Shi ake fesawa a bakin haƙorin da ke yankan ƙarfe, a madadin farin ruwan nan mai kama da madara da muka saba. Ya kwashe zafi, ya koma iska, ba maiƙo ba wari. A Amurka an amince a yi amfani da shi wajen sassaƙar ƙarfen titaniyom na jirgin yaƙi F-35 na kamfanin Lockheed Martin, ana kuma gwada shi a kan ƙarafan injin jirgin sama da irin waɗanda likitoci ke dasa wa mutum a ƙashi. Mu nan Maraɗi ba jirgi muke ƙerawa ba. Namu shi ne sandar inoks, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ta famfon rijiyar burtsatse daga fadamar Jiratawa, da ƙarfen injin matsar man gyaɗa, da bagin gingimari, wato zoben da ake cusawa a rami don sanda ta zauna a cikinsa.

Abu guda ka riƙe tun yanzu, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: haƙori ake sanyayawa, ba ƙarfen da ake yanka ba.

1. Duba aikin tukuna

Ba kowane aiki ya cancanci azot ba. Gaskiya ma mafi yawan abin da ake kawo mana bai cancanta ba. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, alminiyam, tagulla, ƙarfen zubi, duk waɗannan suna yankuwa lafiya da farin ruwa ko a bushe. Wanda ya fesa musu azot kuɗinsa kawai yake mayarwa iska.

Inda yake biya shi ne ƙarfen da ke riƙe zafi a bakin haƙori. Baƙin ƙarfe yana janye zafi cikin jikinsa da sauri. Inoks 304 yana janye kamar kashi ɗaya cikin uku na hakan ne kawai, titaniyom kuwa wajen kashi ɗaya cikin bakwai. Zafin da bai samu hanyar gudu ba sai ya taru a ɗan tsinin haƙori, ya haura digiri 600, wani lokaci ya doshi 1000. Kai ma ka san alamar: sassaƙen ya fito shuɗi, haƙorin ya dakushe kafin ka gama sanda ɗaya, fuskar aikin ta yi kaushi kamar an ja ta a tsakuwa. In kana ganin haka a kan inoks, ko a kan ƙarfen da aka riga aka ƙona ya yi tauri, to aikin azot ne.

Kada ka saya don sanda ɗaya. Tara aiki, ka sa wa masu shi rana, don azot ba ya jiran kowa. Ko a cikin tulu mai kyau kullum raguwa yake.

2. Tulu da inda ake cika shi

Tulun azot kamar babban filas ɗin shayi yake, bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke yin asarar farko.

Akwai mai buɗaɗɗen wuya, mai cin lita 10, 20 ko 35, irin wanda masu yi wa shanu barbara ta allura ke ajiye iri a ciki. Murfinsa sako-sako ne da gangan. Wannan ba ya feshi, sai dai a tsiyaya ko a ɗiba da ludayin inoks mai dogon hannu. Ya wadatar ga aikin shigar da bagi da zan yi bayani a mataki na 9.

Akwai kuma mai tura kansa, wanda ke da bawul da agogon matsi a ka. Manyan suna cin lita 120 zuwa sama da 200, ƙananan kuma ana ɗaura musu kan feshi da kamfani ya yi musu. Shi ake buƙata don yanka. Matsin bar 1.5 zuwa 2 a kan agogon ya isa ga irin gudun injunanmu. Irin wannan tulu yana rasa wajen kashi 2 cikin 100 na cikinsa kowace rana ko ba a taɓa shi ba.

Wurin cikawa kuwa, fara da tambayar masu kawo wa 'yan walda tukunyar oksijin. Masana'antar da ke tace oksijin ta hanyar sanyaya iska tana fitar da azot a tare, kuma irinsu a manyan garuruwa suke, Yamai ko Kano. Ma'aikatan kiwo masu aikin barbara su ma sun san hanya, domin tulunsu ba ya zama babu komai. Ka nemi haya kafin ka yi maganar saye. In kun kai ku uku ko huɗu masu tur, ku haɗa kai ku cika babba guda.

Hattara: in za ka karɓi tsohon tulu, a zuba masa azot a gabanka, ka jira kamar awa guda, ka shafa jikinsa. In ya yi raɓa ko ƙanƙara ta fito a gefe, bangonsa ya sha iska, ya mutu. Kada ka karɓa ko kyauta ce.

3. Ɗauko shi

Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, Kano kuwa ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ba ta kai 300 ba, in iyaka a buɗe take. Ko ta ina ya biyo, tulu a tsaye yake tafiya, a ɗaure tamau, a buɗaɗɗen bayan mota. Ba a kwantar da shi, ba a gangara shi kamar duro, ba a ɗora shi a babur.

Hattara: kada a sa shi cikin mota tare da mutane, ko da gilasai a sauke suke. Lita ɗaya ta ruwan azot tana zama kusan lita 700 ta iska. Lita guda ta zube a cikin ƙaramar mota ta isa ta sa direba jiri a kan titi.

4. Shirya shagon da jikinka

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne mai kisa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Azot ba guba ba ne. Abin da yake yi shi ne ya kori oksijin daga ɗaki ya zauna a gurbinsa. Ba ya wari, ba ya sa tari, ba ya ma sa ka ji numfashinka ya sarƙe. Mutum yana cikin magana sai ya ji kasala, sai ya zube. Iskar Allah tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100, kuma da ya sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari. Mu yi lissafi da shago irin na yawancinmu, mita 4 a mita 5, tsawon rufi mita 3. In kana fesa rabin lita a minti ɗaya har tsawon rabin awa, ka saki lita 15 ke nan. A rufaffen shago wannan ya isa ya saukar da oksijin zuwa wajen 17. Ba a yi hatsari ba fa, ba abin da ya zube, aiki kawai ake yi.

Saboda haka in injinka yana ƙuryar ɗaki mai ƙofa ɗaya, kada ka fara. Ana son ƙofa biyu masu kallon juna, ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe, da fanka a ƙasa tana tura iska waje. A ƙasa na ce, domin azot mai sanyi ya fi iskar ɗaki nauyi, yana bin daɓe yana neman rami. In akwai ramin gyaran mota kusa, kada kowa ya shiga ranar. Yaron shago da ya saba shimfiɗa kwali ya yi barcin rana a bayan inji, a tashe shi. In da hali ka sayi ɗan na'urar auna oksijin mai ƙara, ka rataye ta daidai ƙugu. Kuma ba a aikin nan mutum shi kaɗai.

Sai sutura. Gilashin da ke rufe fuska duka, ba tabarau kawai ba. Takalmi rufaffe, silifas ba ya shiga. Wando ya sauko ya rufe bakin takalmi, kada a cusa shi ciki, don in ruwan ya zubo ya gangara ƙasa. Cire zobe da agogo. Safar hannu ta fata, busasshiya, mai yalwa yadda za ka iya yarfar da ita da girgiza ɗaya. Safar ulu ko ta tsumma ta fi hannu tsirara muni, don tana shan ruwan ta manne shi a fata. Amma safar ta taɓa tulu da tiyo ce kawai. Da za ka kama injin da ke juyi, ka cire ta, kamar yadda aka koya mana tun muna yaran shago.

Hattara: in ya zubo wa mutum, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 40. Ba a murzawa, ba a kanga wa wuta, ba a shafa man inji ko manja. Rigar da ta daskare a fata ba a fizge ta. Daga nan sai asibiti. Wanda ya faɗi kuwa, a rufe tulu in ana iya kai wa daga waje, a buɗe ko'ina, a jawo shi fili. Kada wani ya tsuguna a inda ya faɗi yana jijjiga shi, don iskar da ta kayar da na farko tana nan.

5. Haɗa tiyo

Je wurin masu gyaran firji ka sayi tiyon jan ƙarfe mai faɗin milimita 6 da baƙin soson da suke naɗe shi da shi. Jan ƙarfe, tagulla, alminiyam da inoks suna jure wannan sanyi. Baƙin ƙarfe, roba da tiyon ruwa na leda kuwa tsagewa suke kamar kwalba. Duk mahaɗa ta zama ta tagulla ko inoks. Farin zaren teflon da ake naɗa wa famfo yana jurewa.

Tiyon ya zama gajere iyakar iyawa. Jawo tulun kusa da inji, kada ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu, domin kowane taƙi da ka ƙara azot ne yake tafasa a hanya kafin ya iso. Naɗe shi da soso ninki biyu tun daga bakin tulu har kusa da haƙori, ka bar masa ɗan lanƙwasa mai faɗi yadda zai bi keken injin gaba da baya ba tare da ya karye ba. Jan ƙarfe in ana yawan lanƙwasa shi yana taurara, don haka ka riƙa duba wurin. In ka samu tiyon inoks mai lanƙwasuwa da aka yi don azot, ya fi.

A ƙarshen tiyo sai bakin feshi. Ni ɗan guntun tagulla na sassaƙa na huda masa rami na milimita 1, na yi masa maɗauri a jikin mariƙin haƙori.

Hattara ta farko: kada ruwan azot ya taɓa samun kansa tsakanin bawul biyu rufaffu. Zai ɗumama, ya nemi wurin da ya ninka nasa sau 700, ya fasa tiyon. Hanya mafi sauƙi ita ce bawul ɗaya tak, na kan tulu, ƙarshen tiyo kuma a buɗe har abada. In dole ka sa na biyu, to a sa bawul mai sakin matsi a tsakaninsu. Na ga wannan da idona. Yarona ya ga ana ɓarnar tururi bayan mun gama, ya matse bakin tiyon da filaya don ya yi mini tattali. Ba a yi minti biyu ba muka ji kamar an harba bindigar gargajiya, soson ya watse har kan rufi. Allah ya kiyaye, ba wanda ke tsaye a gefen.

Hattara ta biyu: in ka ga ruwa yana ɗiga daga jikin tiyon da ba a naɗe ba, ba raɓa ba ce. Iskar ɗaki ce ta zama ruwa a jikinsa, kuma oksijin ya yi mata yawa, domin shi yana zama ruwa tun a digiri 183 ƙasa da sifiri. In ta ɗiga kan tsumma mai mai ko tiren inji mai maiƙo, ƙyastu ɗaya ya isa. Share tiren tas kafin ka fara, mai walda da mai sigari kuma su ja baya.

Hattara ta uku: kada ka yi dabarar hura wa buɗaɗɗen tulu iskar kwamfaresa don ya yi feshi. Danshin iskar zai daskare ya toshe wuyan, tulun ya zama bam.

6. Haƙori da saitin feshi

Yi amfani da haƙorin karbaid, haɗin ƙarfen nan mai tsananin tauri, irin na ɗaurawa da noti, wanda muke kira plaket. Wanda aka liƙa da walda a kan sandar ƙarfe yana iya tsagewa, don shi da sandar ba tare suke tsukewa ba. Sa sabon baki, kada ka gwada da wanda ya riga ya ci rabi, in ba haka ba ba za ka san abin da azot ya ƙara maka ba.

Kashe famfon farin ruwa, ka goge ragowarsa. Su biyun ba sa haɗuwa, ruwan zai daskare ya toshe komai.

Yanzu saiti. Bakin feshin ya tsaya milimita 10 zuwa 15 daga tsinin haƙori, yana leƙa ƙarƙashin sassaƙe, daidai inda sassaƙen ke rabuwa da saman haƙori. Nan zafin yake. In ka fesa a bayan sassaƙen, shi zai tare ruwan kamar laima, haƙorin na ƙasa yana ƙuna. In kana da halin baki na biyu, ka sa shi daga ƙasa yana harbin gefen haƙorin da ke gogar aiki. Masu manyan injuna ma ta cikin mariƙin suke huda hanya har zuwa tsini, duk don ruwan ya sauka a wurin da ake so kawai.

Me ya sa nake nanata a kauce wa jikin aikin? Domin ƙarfe in ya yi sanyi ƙara tauri yake. Ka jiƙa sandar da azot, ka mayar da ita abin da ya fi ƙarfin haƙorinka, injin ya fara gurnani, tsinin ya ɓalle. Ga kuma matsalar awo da ke tafe.

7. Jerin kunnawa da kashewa

Kafin azot, yanki sanda ɗaya yadda ka saba, ka rubuta gudun juyi, zurfin yanka, da mintin da haƙorin ya yi kafin ya gaji. Ma'aunin gajiya da ake bi shi ne cin gefen haƙori ya kai milimita 0.3. Ka duba da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya.

Gudun kuwa lissafinsa bai sauya ba: mitocin da kake so a minti sau 1000, a raba da faɗin sanda sau 3.14. Sandar inoks mai milimita 50 a gudun mita 120 a minti tana son juyi wajen 760. Da shi za ka fara, kada ka ƙara komai tukuna.

Ga jerin. Janye haƙori daga aiki. Kunna fanka. Buɗe bawul ɗin tulu kaɗan-kaɗan. Da farko iska ce za ta fito tana huci, sai ta fara tofi, fut-fut, kamar famfon da aka daɗe ba a kawo ruwa ba. Jira. Sai ka ga siririn zaren ruwa ya miƙe ba yankewa, mariƙin haƙori ya yi fari da ƙanƙara. Wannan yakan ɗauki minti ɗaya zuwa uku. Sannan ka kunna inji, ka shiga yanka.

Kashewa kuma a juye: janye haƙori, tsayar da inji, sannan rufe tulu.

Hattara: kada ka fesa azot a kan haƙorin da ya riga ya yi zafi, kuma kada feshin ya yanke ana tsakiyar yanka. Zafi da sanyi suna karɓa-karɓa a kan karbaid sai ya yi tsagu sirara kamar gashi, ya ɓare. In feshin ya koma tofi, janye. In wuta ta ɗauke, janye haƙorin da hannu nan take, sannan ka rufe tulu.

In sandar farko ta fita lafiya, ƙara gudun juyi da mataki ɗaya, ka sake duba haƙori. A nan ribar take, ko haƙori ya daɗe ko aiki ya yi sauri. Kada ka rage zurfin ci har haƙorin ya koma shafa, don inoks in ana shafarsa taurara yake. Ka kuma sani azot ba mai ba ne, ba ya sa santsi. Yankan zare da hudar rami mai zurfi, inda gogayya ta fi zafi yawa, ka bar su da mansu.

8. Awo

Ƙarfe yana tsukewa in ya yi sanyi. Sanda mai faɗin milimita 100 in ta sauka da digiri 50 tana raguwa da wajen milimita 0.06, inoks ma ya fi haka. Ga mazaunin rulma, wato boris, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In waje kake yanka, ka auna da sanyi, in sandar ta ɗumama za ta fi awo, ka sake shafta. Wannan da sauƙi. In ciki ne fa? Na taɓa fafe mazaunin rulma a wani gidan famfo, na auna ya zauna cif, mai shi ya biya ya tafi. Washegari ya dawo yana jefa rulmar cikin ramin tana faɗawa da kanta. Ramin ya buɗe da ya ɗumama. Ban da ta cewa, na yi masa bagi da kuɗina.

Tun daga ranar, ƙa'idata ita ce a bar milimita 0.2 zuwa 0.3, a tsaya, a bar aikin ya dawo ɗumin ɗaki har ya daina raɓa, a auna, sannan a yi yankan ƙarshe da feshi kaɗan. Mikromita kuma, abin da ake awon da shi, ba a ajiye shi kusa da tiyo.

Da an gama, goge gadon injin da busasshen tsumma ka shafa mai. Da hunturu iskarmu a bushe take, raɓar ba ta da yawa. Da damina kuwa, a watan Agusta, injin zai yi sharkaf kamar an yi masa wanka, kuma kafin safiya tsatsa ta hau.

9. Shigar da bagi da sanyi

In ka tambaye ni, da wannan ya kamata kowa ya fara, domin buɗaɗɗen tulu na lita 10 ya isa, ba tiyo ba bawul, kuma aikin kullum yana zuwa: bagi, shamis ɗin inji (bututun da fistan ke kai-komo a ciki), mazaunin bawul na kan silinda, fil ɗin manyan motoci. Mun saba da guduma da wutar walda, mu ƙona gidan har ya karkace. A nan na cikin ake tsukewa ya shige salin-alin.

Daga zafin ɗaki zuwa sanyin azot, baƙin ƙarfe yana tsukewa da kusan 2 cikin 1000 na faɗinsa, tagulla wajen 3.5, alminiyam kusan 4. Bagin ƙarfe mai milimita 60 zai ragu da wajen 0.11. In ka bar masa matsi na 0.05 a kan ramin, kana da sararin 0.06 na shigarwa. In bai isa ba, ɗumama gidan da ruwan zafi ko ka shanya shi a ranar Afrilu, kada ka kai masa wuta.

Auna duka biyun a ɗumi ɗaya. Goge ramin, ka ɗan kashe masa kaifin baki. Tanadi abin da zai tare bagin a daidai zurfin da kake so, don da ya kama ba gyara. Samo akwatin farin soso irin na ajiye ƙanƙara, ka sa kwanon inoks a ciki. Ɗaura wa bagin waya, ka zura shi a hankali. Kowane kilo na ƙarfe ka tanadar masa lita ɗaya, alminiyam lita biyu.

Kalli tafasar. Da farko za ta yi ta yi a hankali, sai can ta taso da ƙarfi kamar an yi wa tukunya ƙarin itace, sai kuma tsit. Wannan tsit ɗin ake jira. Wanda ya ciro kafin nan bai samu cikakken sanyi ba. Ƙara masa 'yan mintoci in mai kauri ne, ka ciro da filaya, ka zura kai tsaye. Bagi mai sirin bango daƙiƙoƙi kaɗan yake ba ka. Shi ya sa nake sa yara mu yi gwajin motsin sau biyu da hannu wofi kafin a ciro: wa ke riƙe me, ta ina za a bi.

Hattara: kada a buga wa ƙarfe mai sanyi guduma, yana iya tarwatsewa. In ya tsaya a rabi, bar shi ya ɗumama a fitar da shi da firas, wato injin dannawa. Rulma mai murfin roba da girisi a ciki ba a tsoma ta. Kuma kada a zuba azot a filas ɗin shayi a murɗa murfi.

Da ragowar da ke kwanon kana iya daskarar da robar bagi, ta yi tauri kamar itace, ka sassaƙe ta a tur kafin ta saki. Sai dai a nan ma awon ƙarshe sai ta ɗumama.

10. Lissafin kuɗi

Farashin lita yana bin wurin da ka saya da nisan hanya, don haka ka tambaya ranar da za ka saya, ka haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa da hayar tulu, ka raba da litocin da suka iso shagonka, ba waɗanda aka zuba maka a can ba. Wannan ne ainihin kuɗin litarka.

Baki ɗaya na milimita 1 yana shan wajen rabin lita zuwa lita guda a minti. Don ka san naka, ɗora tulun a sikelin 'yan hatsi kafin aiki da bayansa. Lita ɗaya gram 800 ce da 'yan kai. A ce misali litar ta tsaya maka jika ɗaya, wato sefa dubu, aikin kuma yankan minti 20 ne. Lita 12 zuwa 15 a yanka, 3 a sanyaya tiyo, ka doshi jika 18. In abin da ka tsira da shi bakin plaket biyu ne, ka faɗi. In kuwa aikin da a da yake cinye maka kwalin plaket da yini biyu ne ya ƙare kafin la'asar, ko aikin da ake kaiwa Kano ne ya tsaya a hannunka, ka ci. Faɗa wa mai aiki kuɗin azot daban tun kafin ka ɗaura sandarsa.

Wasu sun tambaye ni ko iskar da ake sa wa lemon kwalba, wato CO2, za ta iya maye gurbi tunda ta fi sauƙin samu kuma ba ta raguwa a tukunya. Tana yi, ana amfani da ita a masana'antu, sai dai sanyinta yana tsayawa a digiri 78 ƙasa da sifiri, kuma sai tukunya mai tiyo har gindi wadda ke fitar da ruwan ba iskar ba. Ita tana da nata haɗarin, don ko oksijin bai ragu sosai ba yawanta yana bugar da mutum, ga ta da kwanciya a ƙasa. Babbar matsalarta a garin nan ita ce da tukunyar ta wuce digiri 31 abin da ke ciki ya daina zama ruwa, matsin kuma ya yi ta hawa. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana haura 40. Mai son gwada ta ya bari sai Disamba ko Janairu, ya yi aikin da sassafe, tukunyar kuma a ɗaure da sarƙa a jikin bango, nesa da rana.